Ruwan da Ya Ƙi Kai Ɗari

Kwana uku kacal Mwalimu Barngetuny ya yi a Nairobi, amma ka rantse wata duniyar ya je ya dawo. Shi ne shugaban sashen kimiyya a makarantar 'yan mata ta Kapsirwo, shi ya sa aka tura shi taron ƙara wa juna sani. Har aka yi sati biyu da dawowarsa bai cire igiyar nan mai katin suna daga wuyansa ba. Da ita yake shiga aji, da ita yake shan shayi. Madam Jerotich Kandie, mai koyar da fiziks, ta ce ita kam ba ta shakka da ita yake wanka.

Ranar Litinin ya tara malaman kimiyya, ya tsaya yana gyaran murya.

"Zamani ya tafi ya bar mu," in ji shi. "Yanzu ɗakin gwaje-gwaje yana cikin intanet. Ba gas, ba fasa gilashi, ba wari. Ka latsa kawai, kimiyya ta fito."

Jerotich ta yi tsaki a cikin kofin shayinta. Ka ji mai magana! Mutumin da har yau da yatsa ɗaya yake latsa waya, kuma sai ya lashi yatsan tukuna kamar zai buɗe littafi. Wai shi ne zai koya wa mutane zamani.

Ya juyo gare ta. "Madam Kandie, ke ce mai jini a jika. Ki shiga shafukan nan da aka ba mu, ki zaɓo mana gwaji mai kyau. Ranar Juma'a kwamitin makaranta zai zauna, za ki nuna musu. Da sun amince, mu rufe wancan kangon ɗakin gwaje-gwajen, mu zuba kwamfutoci a ciki."

"Mzee Chelimo fa?" ta tambaya.

"Ai takardarsa na nan a rubuce. Kin manta kin sa hannu?"

Ba ta manta ba. Mzee Chelimo shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, shekara ashirin da tara yana wanke kwalabe da kunna gas, saura masa shekara guda ya ajiye aiki da mutuncinsa. Takardar kuwa ta kora ce, bisa laifin sakaci. Hujjar guda ɗaya ce, amma kowa ya san ta: duk ma'aunin zafin da ya shiga hannun tsohon nan sai ya lalace. Littafi ya ce ruwa yana tafasa a digiri ɗari. A ɗakin Mzee Chelimo kuwa, ko ka kwana kana hura wuta, casa'in da biyu ma'aunin zai nuna maka ya tsaya. A sayo sababbi, casa'in da biyu. A canja shago, casa'in da biyu. Barngetuny ya ce tsohon yana barin su a rana, ko yana jefa su cikin akwati kamar cokula. Da ya kawo takardar neman shaida, Jerotich ta sa hannu ba tare da ta ajiye biredin da take ci ba.

Ba wai tsohon ya dame ta ba ne, a faɗi gaskiya. Ga nawa, ga taurin kai, ga wata tsohuwar kwat mai warin sabulu da ba ya rabuwa da ita. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne a ce Barngetuny ya yi nasara a kan wani abu, ko mene ne.

Haka ta shiga aikin tana cije baki. Intanet ɗin makarantar ba ya kamawa sai a taga ɗaya ta ɗakin malamai, wadda ke kallon titi, don haka nan ta ja tebur ta kafa kwamfutar. Shafi na farko, wani kwaɗo ne mai tabarau yake tsalle yana yi wa yara bayanin wutar lantarki. Ta rufe. Na biyu ya ce sai ta ba da sunanta, da sunan makaranta, da ranar haihuwarta, kafin ya nuna mata yadda dutse ke faɗowa ƙasa. Ta ce, "Sunan kakata fa, ba kwa so?" Na uku ya yi ta juya wani ɗan zobe a tsakiyar allo har shayinta ya huce, sannan ya ce ta sake gwadawa. Tafɗi! Wannan ne abin da za a kori mutum a kansa.

Sai ranar Laraba ta dace da wanda ya yi kama da abin arziki. Hoton kofin gilashi ne a kan wuta, da ma'aunin zafi a tsaye a ciki. Ta latsa, wuta ta kama, jan layin ya yi ta hawa, ruwa ya fara kumfa, ya tsaya cak a ɗari. Ta sake, ɗari. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"To, kai dai ka tsira, ba ka taɓa haɗuwa da Mzee ba," ta ce wa ma'aunin.

Shi ta zaɓa. Ta san shi ne zai fi yi wa Barngetuny daɗi, kuma hakan ya ƙara mata haushi.

Ranar Alhamis bayan abincin rana ta sake buɗe shi don ta bita. Githerin ranar, wato dahuwar masara da wake, bai nuna ba, kamar kullum, waken yana ƙaras-ƙaras a haƙori, tana ta sakace tana zagin masu kicin a zuci. Idonta ya kai kan wani ɗan hoton tsauni a kusurwar allon, da ɗan maɓalli a gefensa wanda ake ja sama ko ƙasa. Jiya ta gan shi, ta ɗauka ado ne irin na kwaɗon nan. Don rashin abin yi ta ja shi sama. Ruwan ya tafasa a casa'in da takwas. Ta ƙara ja. Casa'in da biyar.

Wannan ai ba sabon abu ba ne gare ta. Duk shekara tana koyar da shi, a zango na biyu: in ka hau tsauni iska takan yi sauƙi, ruwa ya tafasa bai kai ɗari ba. Har hoto akwai a littafin, Dutsen Kenya da ƙanƙara a ƙoƙon kansa, da wasu Turawa biyu a bakin tanti suna dafa shayi. Tana zana shi a allo, yara su kwafa, a wuce. Abin masu hawan dutse ne, ina ruwan Kapsirwo da shi? Nan ƙasa shimfiɗe take, gonakin masara da alkama iyakar ganinka, ko tudun kirki babu.

Sai ga su nan sun zo wucewa ta bakin tagar, kamar yadda suke yi kullum: 'yan gudun garinmu a gaba, wasu Turawa uku a baya, fuska ja, baki buɗe, suna haki kamar za su shiɗe. Ko yaron goye a nan ya san abin da ya kawo su. Iskarmu ce suke zuwa nema, don ba ta da kauri, in ka saba gudu a cikinta ka sauka ƙasa ba mai kamo ka. A mararraba ma an kafa musu ƙaton allo, tana wuce shi safe da yamma a kan acaɓa: Barka da zuwa, mita dubu biyu da ɗari huɗu sama da teku.

Tsinken sakacen ya faɗi daga bakinta. Ta ja maɓallin a hankali har lambar gefensa ta kai dubu biyu da ɗari huɗu. Ta kunna wutar.

Casa'in da biyu.

Ta daɗe tana kallon allon. Shekara goma sha ɗaya! Shekara goma sha ɗaya tana zagaya aji da hannu a baya tana cewa, "Ku goge, ku rubuta ɗari, ma'aunin ne ba shi da kyau." Ita, mai digiri, wadda ke raina kowa a ɗakin malamai. Kunya ta kama ta tun daga wuya har tafin ƙafa, ta waiga ko wani ya ga fuskarta.

Ta sami Mzee Chelimo a bakin famfo, ya naɗe hannun kwat yana cusa ɗan buroshi cikin kwalaben gwaji ɗaya bayan ɗaya. Ya san da takardar, duk makarantar ta sani, amma ko gaisuwarsa ba ta canja ba.

"Sannu da aiki, Madam."

"Mzee, ɗora mini ruwa a wuta. Ka ba ni ma'auni."

"Wanne? Ai duk lalatattu ne."

Ta zaro ɗaya da kanta. Ya ɗora, suka jira har ruwan ya tafasa. Ta duƙa ta duba, duk da ta san abin da za ta gani.

"Mzee," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "lafiyarsa ƙalau. Garin ne yake sama. Ruwanmu ba zai taɓa kai ɗari ba."

Ya kashe gas ɗin. "Na sani."

"Ka sani?"

"Ai na faɗa muku. Shekarar da kika zo, da na je Mombasa bikin 'yata. Na ga matan can sun ɗora wake, kafin a gama hira ya nuna luguf, mu nan sai a wuni ana cin itace. Kuma dama na tafi da ɗaya daga cikin waɗannan a aljihun kwat ɗin nan, a naɗe cikin safa, don abin ya daɗe yana damuna. Na tsoma shi a tukunyar shayin biki, mata suna ta yi mini dariya. Ya haura har ɗari. Na dawo da shi nan, casa'in da biyu. Na ce to, ba ciwo gare shi ba, wurin ne."

"Wa ka faɗa wa?"

"Ke da Mwalimu Barngetuny. A nan, inda kike tsaye." Ya ɗauki buroshinsa. "Shi ya ce iskar teku ta taɓa mini kai. Ke kuma kika ce, Mzee, ka bar mana kimiyya, ka je ka wanke kwalabe, shi ka iya."

Ta so ta ce ba ta tuna ba. Abin takaicin shi ne ta tuna, har takalmin da ke ƙafarta ranar ta tuna, sabo ne, na albashin farko.

A hanyar gida ta yi ta juya maganar. In ta yi shiru, gobe ruwa zai tafasa a ɗari a kan allo, a tafa, tsoho ya kwashe kwat ɗinsa ya koma gida da sunan mai sakaci, ba wanda zai taɓa sanin komai. Barngetuny dai ko shekara zai yi gaban shafin ba zai taɓa ɗan tsaunin nan ba. In kuwa ta ja maɓallin, ba shi kaɗai za ta tona ba. Sa hannunta yana nan ƙarƙashin nasa, da jan biro ma, don a gani da kyau.

Ranar Juma'a aka jera kujeru a ɗakin gwaje-gwaje, aka rataya farin zanen gado a bango don majigi. 'Yan kwamiti su shida suka zauna. Shugabarsu, Mama Tabarno, manomiyar alkama ce da ba ta wuce aji bakwai ba, amma ba a yi wanda ya taɓa cutarta a awo ba. Mzee Chelimo yana can baya, jingine da kabad. Barngetuny ya sa taye a ƙarƙashin igiyar Nairobi, ya yi minti ashirin yana zuba, kalma ɗaya cikin uku shi kansa bai san ma'anarta ba. Daga ƙarshe ya ce a fara da tsohon yayi, don kowa ya ga ɓarnar da idonsa.

Aka tafasa ruwa. Mama Tabarno ta sa tabarau ta leƙa. "Casa'in da biyu."

"Kin gani ko, Mama?" in ji Barngetuny, har da tafa hannu. "Sabo ne fil, watan jiya aka sayo. Madam Kandie, nuna musu gaskiya."

Ta latsa. Jan layi ya hau zanen gado, ya tsaya a ɗari. 'Yan kwamiti suka gyaɗa kai, wani ma ya ce, "Ikon Allah!" Barngetuny ya zaro takardar daga aljihu yana warware ta.

"Ban gama ba," in ji Jerotich. "Wannan ruwan a bakin teku yake tafasa. Mama, allon nan na mararraba, mita nawa aka rubuta?"

"Dubu biyu da ɗari huɗu. Ai ni na ba da katakon."

Ta ja maɓallin. Ta kunna. Layin ya hau, ya hau, ya tsaya daidai inda na kan tebur ya tsaya.

Ta yi musu bayani a taƙaice, ba ta kare kanta ba. Ta ce ma'aunan lafiyarsu lau, ba a taɓa lalata ko ɗaya ba. Ta ce Mzee ya gano haka tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya faɗa, ita ce ta kore shi bakin famfo. Ta ce duk yarinyar da ta rubuta casa'in da biyu a ɗakin nan gaskiya ta rubuta, ita ce ta sa aka goge.

Ka san me Barngetuny ya yi? Wallahi ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ninke takardar ya tura aljihu, ya buɗe hannuwa.

"To kun ga amfanin fasaha! Abin da nake ta faɗa ke nan. Da ban kawo wannan tsarin daga Nairobi ba, yaushe za a gano? Dama ni na daɗe ina zargin akwai wani abu game da iskar nan."

"Ɗana," in ji Mama Tabarno, "miƙo takardar nan."

Ya miƙa. Ta riƙe ta nesa da ido, ta karanta har ƙasa, ta tsaya a kan sa hannun guda biyu, ta ɗago ta dubi kowannensu. Jerotich ta gwammace a mare ta.

"Wato ku biyu, da digirinku, kuna zaune a kan tsauni ba ku sani ba. Jikata mai shekara shida ta san abin da ke kawo Turawa gudu a nan." Ta yaga takardar gida biyu, ta sake haɗawa ta yaga. "Ɗakin nan ba za a rufe shi ba. Kwamfuta a nema mata wani wuri. Kuma ka cire igiyar nan, kai ba ɗan maraƙi ba ne."

Sannan ta juya baya. "Chelimo, kana da magana?"

Ya buɗe kabad ɗin da yake jingine da shi, ya sunkuya, ya jawo wani kwalin takalmi ya ajiye a kan tebur. Ma'aunai ne cike, kowanne a naɗe cikin tsohuwar jarida, duk waɗanda aka ce ya zubar tsawon shekaru. Ya koma inda yake ya tsaya.

Da aka watse, 'yan kwamiti suka wuce shan shayi, Barngetuny yana biye da su yana bayyana wa wanda bai tambaye shi ba yadda iska take. An ji shi yana cewa ya kamata makaranta ta rubuta wa masu shafin wasiƙar godiya. Jerotich ta tsaya. Mzee ya riga ya koma bakin famfo, ya zubar da ruwan zafin, ya tara kwalaben aji uku a gabansa.

"Mzee, ka yafe mini."

"Ba komai, Madam."

"Da komai. Amma ga shi gaskiya ta fito, kowa ya ji."

"Ta fito," ya ce, bai juyo ba. "Sau ɗaya na'urar ta faɗa, kuka yarda. Ni da na je har Mombasa na dawo, sai da ta tsaya mini shaida."

Ta naɗe hannun rigarta, ta matsa kusa da famfon, ta ɗauki buroshin da kwalba guda.

Ya miƙo jiƙaƙƙen hannunsa ya karɓe su daga gare ta a hankali, ba da fushi ba.

"Bar shi, Madam," ya ce. "Ai shi kika ce na iya."